Takardar Shaidar Mai Wankin Mota

Ban taso da niyyar wankin mota ba. A Randagi aka haife ni, gidanmu gidan noma ne, kuma da ban faɗo daga kan bishiyar ɗorawa ba, da can zan tsufa da garma a kafaɗa kamar mahaifina. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da mata da 'ya ɗaya, reshe ya karye da ni. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ƙafar hagu ta warke, amma a karkace. Na gwada huɗa damina biyu, kafin rana ta take ƙugu ya riƙe. A ta uku na bar wa ƙannena gona, na ɗauki iyalina muka shigo Birnin Gwari, 'yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai.

A lokacin manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Kudu da Arewa ta garin suke ratsawa. Sukan fito daga daji jajaye wur da laka, sai direba ya gangara da motarsa bakin rafi, kusa da gada, ya tafi neman abinci. Mu biyar ne masu wanki a wurin, duk magidanta. Kayan aikinmu bokiti ne da soso da sabulun salo da toka. Inda laka ta kafe, a damƙi yashi a dirje. In an gama a tsoma tsumma a kananzir a bi jikin motar, ta yi ƙyalli na yini guda. Yawancin motocin masu bodin katako ne, babu abin da yashi zai yi musu. Ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi, don haka na ɗauka na iya aiki.

Wata rana da azahar wani likita da ke zuwa zagaye daga Kaduna ya gangaro da ƙaramar motarsa, sabuwa, koriya mai duhu. Ta kwana biyu a gindin bishiya, ƙaro ya ɗiɗɗiga a rufinta, ga kashin tsuntsaye. Ni na fara tasowa, sai ya bar mini ita ya taka zuwa asibiti. Rana na dukan ƙarfen har ba ya taɓuwa. Na zuba ruwa, na murza sabulu, ƙaron ya ƙi fita, na sa yashi. Tana jiƙe gwanin kyau. Da ta bushe sai zane ya bayyana, da'ira kan da'ira, tun daga rufi har murfin inji, kamar an ja ƙaya a bayan ƙwarya.

Da likitan ya dawo ya daɗe yana kallo. Dattijo ne mai magana a hankali. Ya shafa wurin da bayan hannunsa.

"Da me ka yi wannan?"

Na nuna masa yashin.

"Wa ya koya maka aikin nan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Gani na yi ana yi."

Na tsaya jiran zagi, ko a kira mini ɗan doka. Sai ya dubi ƙafata, ya tambaye ni daga ina nake da kuma iyalina. Na faɗa masa.

"Na ga ba ha'inci ka yi ba," in ji shi. "Ƙarfinka ka sa duka, shi ne ma ya yi ɓarnar. Da malalaci na ba, da bai kai haka ba."

Ya jingina takarda a kan murfin injin da na ɓata, ya rubuta wasiƙa. Ya ce akwai wani babban gareji a Kaduna inda ake kula da motocin gwamnati da na asibitoci, suna ɗaukar mutane su koya musu wanki da goge mota na wata huɗu, wanda ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida. In ina so, in kai wasiƙar. In ba na so, in yaga ta, amma kada in sake kusantar ƙaramar mota da yashi.

Abokan aikina sun yi dariya har da riƙe ciki. Matata ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, wanki kuma sai an je Kaduna an koya?" Na ce ni ma haka na ɗauka har jiya. Sai ta ce in tafi, ita da yarinya za su riƙe gida da ƙosan da take soyawa.

Wanda ya koya mana wani tsohon soja ne, mutumin Borno, Baba muke ce masa. Makon farko bai bar mu mun taɓa mota ba. Tsummoki ya sa muka yi ta wankewa muna rarrabawa: wannan na gilashi ne, wannan na fenti, wannan na taya, kuma na taya ba ya hawa sama har abada. Ya ce ƙwayar yashi ɗaya a tsumma ta isa ta yi abin da na yi wa motar likita, don wasiƙar ta ba shi labari, bai kuwa ɓoye wa sauran ba. Daga nan ya koya mana bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso. A fara daga sama a gangaro. Ba a wanki a rana, ba a wanke mota tana da zafi. Ƙaro ba a kankare shi, jiƙa shi ake yi a jira. Kakin goge fenti ana shafa shi siriri, a bar shi ya yi fari, a ɗauke da fata mai laushi. Yakan rufe mana ido da ƙyalle, ya ɗora hannunmu a jikin mota, ya ce mu faɗi inda ba a gama ba.

Wata na uku muka shiga cikin mota, kuma nan ne fuskar Baba ta canza. Ya sa aka kawo motar asibiti. Ya nuna mana yadda ake kwance kujeru da benci, a ɗage shimfiɗar ƙasa. Jini da ruwan sanyi ake fara masa, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna. Amai da bayan gida na marar lafiya kuwa, wanki kaɗai ba ya kashe abin da ke cikinsu. Akwai wani farin garin magani mai hawa hanci, ana auna shi da ɗan gwangwani a dama a bokiti, a kwarara ko'ina, a bar shi ya jiƙa rabin sa'a cif kafin a ɗauraye. Ruwan ɗaurayar a rami ake tara shi, nesa da rijiya da rafi. Tsumman a ƙone.

"Fenti in kun ɓata, mai mota zai yi fushi ya huce," in ji Baba. "Wannan in kun ɓata, ba za ku ma sani ba. Wani ne zai kwanta a gidansu."

Ban ci jarrabawa a karon farko ba. Mai dubawa ya zo da farin ƙyalle, ya zura shi ƙarƙashin ƙarfen da kujerar direba ke zamewa a kai, ya fito da shi da baƙi. Sauran suka karɓi takardunsu suka tafi, ni na ƙara mako uku. Na ji kunya ƙwarai, har na yi tunanin in gudo gida, amma ban san abin da zan ce wa matata ba. A karo na biyu ƙyallen ya fito fari. Aka ba ni takarda mai kauri da hatimi. Ban iya boko ba a lokacin, sai Baba ya karanta mini gaba da baya. A bayan an jera abubuwan da aka koya mini, har da tsabtace motar marasa lafiya.

Na dawo Birnin Gwari ina tsammanin wani abu zai canza. Babu abin da ya canza. Na kafa 'yar rumfa a inuwar wani maɗaci, sama da rafi, ina ɗebo ruwa da jarka. Direbobin manyan motoci suka ce na cika nawa, suka ci gaba da gangarawa wurin masu yashi. Sai jefi-jefi wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya kawo ƙaramar mota. Shekaru suka wuce a haka, muna ci muna sha, ba yabo ba fallasa.

A cikin shekarun nan na yi aboki, direban motar asibitin garin. Mutumin Gayam ne, Kirista, Gwaranci ne harshen gidansu amma Hausarsa ta fi tawa daɗi. Mai barkwanci ne. Bai taɓa kirana da komai ba sai "mai takarda". Yakan zauna a rumfata mu ci gyaɗa, amma motarsa rafi yake kai ta, wai ni in na kama ta sai na kwance ta kamar mai fiɗa.

Bayan an gama yaƙin basasa, wata damina, amai da gudawa suka shigo ƙasar. Da farko labari muke ji daga nesa, sannan ya zo ƙauyukanmu. Mutum ya tashi lafiya da safe, kafin la'asar idanunsa sun faɗa. Motar asibiti ta riƙa shiga daji sau biyu, sau uku a yini, tana kwaso mutane. Wata safiya ina ɗiban ruwa na ga an gangara da ita rafi, an buɗe ƙofar baya, tsofaffin abokan aikina suna sheƙa mata ruwa da bokiti, ruwan yana komawa cikin rafin. Ƙasa kaɗan da wurin, ga mata suna cika tulunansu.

Na yi musu magana, suka ce in kama gabana. Na yi wa abokina magana, ya ce ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa, kuma shi ba shi da lokaci. Sai na koma gida, na ce wa matata kada ta sake taɓa ruwan rafi sai ta tafasa, na ciro takardata daga ƙasan akwati na nufi ofishin duba-gari.

Duba-garin ya kwana biyu bai huta ba, ana gani a idonsa. Mutane cike da ƙofarsa, kowa da tasa shawarar, wani ya ce a yi turare, wani ya ce a rufe kasuwa. Da na samu na shiga na faɗi abin da na gani, bai ko ɗago kai ba.

"Kai wane ne?"

"Mai wankin mota ne, ranka ya daɗe."

"To, na ji. Je ka."

Na ajiye takardar a kan teburinsa. Ya duba gabanta, ya juya bayanta, ya bi layukan da yatsa. Sai ya ɗago ya dube ni sosai, ya tambaye ni gwangwani nawa ake sa wa bokiti, da tsawon lokacin da ake bari. Na ba shi amsa. Ya tashi ya ɗauki hularsa. Na sha tunanin wannan daga baya. Abin da na faɗa kafin in ajiye takardar da abin da na faɗa bayan na ajiye ta duk ɗaya ne. Amma shi bai san ni ba, kuma ba shi da lokacin da zai gwada ni. Waɗanda suka gwada ni a Kaduna, har suka kayar da ni sau ɗaya, su ne suka yi magana a madadina.

Ran nan aka hana wanke motar a rafi. Aka haƙa rami a bayan asibiti, aka ba ni garin magani da safar hannu ta roba da dogayen takalma. Duba-gari ya faɗa a gaban kowa cewa in motar ta sauke marasa lafiya, ba ta sake fita sai na ce ta fita. Makonni na yi a bakin ramin nan. Safar ta yage, fatar hannuna ta yi ta saɓulewa. In na koma gida a zaure nake tuɓe kayan aiki, matata ta ɗauke su da sanda ta jefa a tukunyar ruwan zafi, sannan in yi wanka in shiga wurin yara. Abokina ya daina barkwanci. Yakan zauna a kan wani dutse yana kallon agogonsa har in gama.

Wata Talata da hantsi ya sauke mutum uku daga wajen Saminaka. Ƙasan motar ba ya kalluwa. Na fitar da benci, na kwashe abin da zai kwasu, na kwarara magani ke nan sai ga wani mutum a kan keke daga Gayam, jikinsa duk laka. Ya ce wa abokina, "Mahaifinka ya kwanta tun asuba, ciwon ne." Ya ce kuma akwai wata mata a maƙwabtansu da ta kwana biyu tana naƙuda, an ce in mota ta zo a haɗo da ita.

Abokina ya miƙe ya ciro makulli.

"Mai takarda, sheƙa ruwa in tafi."

"Yanzu na zuba. Sai ya jiƙa."

"Ubana ne."

"Na ji, ɗan'uwa. Matar nan a ina za ta kwanta?"

"Sai a shimfiɗa mata tabarma."

"Tabarma ba ta tare shi."

Ya zo har gabana. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, a hankali, "Shekara nawa muna tare, ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ce masa ni gurgu ne, in ya ture ni ya shiga ba zan iya hana shi ba, amma da bakina ba zan ce ta fita ba. Na ce ya tanadi mai da ruwan inji, ya karɓo abin da malaman asibiti za su ba shi na tsohon, kafin ya gama lokaci ya yi. Ya tsaya yana dubana. Sannan ya juya ya tafi ya yi waɗannan abubuwan, ya dawo da sauran minti goma, ya zauna a kan dutsen. Da lokaci ya cika shi da kansa ya ɗauki bokiti, muka ɗauraye tare, muka tsane ƙasan da buhuna, muka keɓe gefe guda da benci saboda matar. Ya ja mota bai dube ni ba.

Bayan la'asar suka dawo. Hanya ta ɓaci, sun kafe sau biyu. Tsohon ya cika a hanya, daidai inda itatuwan doka ke ƙarewa gonakin gari su fara. Daga nan zuwa asibiti ba ya kai rabin sa'a.

Matar ta haihu washegari, namiji, kuma daga ita har jaririn ba wanda ciwon ya taɓa. Mutane sun yi ta faɗa mini wannan don su kwantar mini da hankali. Amma ba ni da hanyar sanin ko wankina ne ya tsare su, kamar yadda ba ni da hanyar sanin ko da tsohon ya iso da rai za a iya ceto shi. Malamin asibiti ya ce da wuya. Bai ce ba zai yiwu ba. Na san rai na Allah ne, na kuma san abin da aka koya mini na yi. Duk da haka na yi kwanaki abinci ba ya wuce mini.

Ni na sake wanke motar aka mayar da gawar Gayam. Ran kwana uku na bi motar kasuwa na je gaisuwa. Na tarar da shi zaune a ƙofar gida cikin 'yan'uwansa. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya. Ya ce, "Mun gode. Allah ya ba da lada." Aka kawo mini ruwa na sha, na ɗan zauna, na taso.

Da ya dawo aiki, sai ya riƙa ajiye motar a bakin rami ya bar makulli a kan kujera ya tafi, in lokaci ya yi ya dawo ya ɗauka. Bai zage ni ba, bai kai ni ƙara ba, gaisuwa ma yana amsawa. Haka muka yi har ruwa ya ɗauke, ciwon ya yi sauƙi, aka cike ramin na koma rumfata. Daga lokacin asibiti da ofisoshi suka riƙa aiko mini da motocinsu, biyu daga cikin tsofaffin abokan aikina kuma suka hauro daga rafi suka ce in nuna musu. Na nuna musu abin da na sani, na kuma matsa musu har ɗaya ya tafi Kaduna.

Wajen kaka sai ga abokina a rumfa da motar asibiti. Ya kashe inji ya sauko, ya tsaya a inuwa.

"An mayar da ni wani gari can ƙetaren kogi," in ji shi. "Babu mai wanki a can. Ni kaɗai ne da motar. Nuna mini awon."

Kwana uku muka yi a bayan asibiti. Na nuna masa kwance benci, da inda dauɗa ke ɓuya, da yadda ake zaɓen wurin rami. A rana ta uku shi ya auna, shi ya dama, shi ya kwarara, ban sa hannu ba. Ya duba agogo, muka zauna jira. Can sai ya fara ba ni labarin mahaifinsa. Ya ce tsohon bai taɓa yarda ya shiga mota ba sai ran nan. Ya ce yana da wata gonar doya a bakin daji da ba ya barin kowa ya taya shi tono, wai 'ya'yansa suna ji wa doya ciwo, kuma bana ga doyar ta yi kyau, an rasa wanda zai fara sa mata hannu. Ya yi ta magana, ni ina saurare. Bai ambaci ranar Talatar ba, ni ma ban ambata ba.

Da lokaci ya cika ya tashi ya ɗauraye motar. Ran Asabar ya kwashe iyalinsa suka tafi. Bayan mako biyu wani ɗan'uwansa ya zo kasuwa daga Gayam, ya biyo ta gidana ya sauke doya biyar, ya ce an tone gonar, kuma direba ya bar saƙo a kawo mini. Sau biyu kawai muka sake haɗuwa da shi kafin labarin rasuwarsa ya same ni, shekaru da yawa bayan haka.